Manhaja ta yi mantuwa, sai a kayar da danga?

Akwai wata shawara da masu gyaran kwamfuta da yaran siber ke ba malamai, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu daina karɓarta. Malam ya kai kuka cewa manhajar da yake rubuta makin ɗalibai da ita kullum sai ta manta inda dosiyen yake, kowace safiya sai ya sake nuna mata. Mai gyara ya danna nan, ya danna can, ya ba ta izinin ganin duk abin da ke cikin kwamfutar, ya ce an gama. Malam ya yi godiya, har da kuɗin shan ruwa.

Ba a gyara komai ba, danga aka kayar.

Manhajojin da ake killacewa, irin na kantin Apple tun 2012, da na Flatpak da Snap a kan Linux, da wasu daga cikin na kantin Windows, kamar baƙo ne da aka tsayar a zaure. Ba ya shiga cikin gida. Idan ka buɗe tagar zaɓen fayil ka nuna wani, tsarin kwamfutar ne ke ɗaukowa ya miƙa masa wannan kaɗai. A Mac, da ka rufe manhajar, izinin ya faɗi, sai fa idan wanda ya rubuta ta ya sa ta ajiye wata shaida da tsarin ke bayarwa, wadda za ta nuna gobe a sake buɗe mata wannan dosiye. Apple ya tanadi wannan shaida tun 2012. Windows na da jerin da manhaja ke iya ajiye izinin fayil ko dosiye har 1000 a ciki. Flatpak ma na da hanyar da izini zai ɗore bayan an rufe. Ke nan kayan aikin suna nan fiye da shekara 10. Manhajar da har yau ke tambayarka abu ɗaya kowace rana, sau da yawa mai ita ne ya yi ganda.

To don me mu za mu biya kuɗin gandarsa da sirrin ƴaƴan mutane? Ku duba abin da ke cikin kwamfutar dirakta ko ta malamin aji: hotunan takardun haihuwa, lambobin wayar iyaye, hotunan ƴan mata na dosiyen BEPC, wani lokaci har takardun albashin malam da hotunan iyalinsa, tunda kwamfutar ɗaya ce ga aiki da gida. Manhajar lissafin maki dosiye ɗaya take bukata. Da zarar an buɗe mata duka, kuskure ɗaya a cikinta, ko sabuntawa ɗaya da ta zo da mugun nufi, ya isa ta kai ga sauran.

Ɓarnar da ta fi damuna ma ba wannan ba ce. Wanda ake tambaya abu ɗaya sau ɗari yakan daina karanta tambayar. Mu malamai mun san haka sarai, mun ga yadda aji ke amsa "i" baki ɗaya tun ba mu ƙare jimla ba. Yaron da ya tashi yana ganin babansa na danna amincewa ido rufe, haka zai yi ranar da wata manhajar wasa ta nemi hotunan gidan duka.

Wani zai ce shi tsofaffin manhajojinsa na Windows ba su taɓa damunsa da tambaya ba. Gaskiya ne, kuma su ne suka fi yawa a makarantunmu. Amma shirun nasu ba ladabi ba ne. Ba sa sallama don tuni suna tsakar gida, duk abin da kake iya buɗewa su ma suna iyawa. Wani kuma zai ce izinin da ke ɗorewa shi ma haɗari ne. Na yarda, sai dai haɗarin bai wuce dosiyen da ka zaɓa da hannunka ba.

Don haka a ware dosiye ɗaya na makin aji, kada a cusa masa komai dabam. Idan manhajar ta ba da damar zaɓen dosiye, a nuna mata shi kaɗai, kada a nuna babban dosiyen da ya ƙunshi komai don neman sauƙi. A kan Ubuntu, idan manhajar Snap ta ƙi ganin kile USB, akwai izini na musamman na abin da ake sokawa a cire, shi za a kunna a bar sauran. Idan bayan haka tana ci gaba da mantuwa, a rubuta wa masu ita, ko a nemi wata. Kuma diraktan da zai miƙa kwamfutar makaranta ga mai gyara ya tsaya a kansa, ya tambaye shi wane izini ya buɗe, ya sa a nuna masa inda ake rufe shi kafin ya biya.