Haƙƙin Sabon Shiga a Kan Tsofaffin Maginan Manhaja

A shekarar 1985 masanin kwamfuta ɗan ƙasar Denmark, Peter Naur, ya yi nuni da cewa ran manhaja yana cikin fahimtar waɗanda suka gina ta, rubutun umarninta kuwa inuwar wannan fahimta ce kawai. Idan maginan suka watse ba tare da sun gadar da abin da suka sani ba, manhajar ta mutu ko da tana ci gaba da aiki. Wannan ne ya sa bai dace a ɗauki jagorancin sabon shiga a matsayin alfarmar da tsohon hannu zai yi in ya ga dama ba.

LibreOffice misali ne mai kyau. Tushenta shi ne StarOffice, wadda wani kamfani na Jamus ya gina kafin Sun Microsystems ya saye shi a 1999. Lokacin da aka kafa LibreOffice a 2010, masu aikin sa-kai sun gaji miliyoyin layukan umarni, kuma bayanai masu yawa da magabata suka bari a tsakanin layukan da Jamusanci suke. Shugabannin aikin sun ware ƙananan ayyuka masu sauƙi domin baƙi, ciki har da fassara waɗannan bayanai zuwa Ingilishi. Aikin kamar ba wani abu ba ne, amma mai yin sa dole ya buɗe fayil bayan fayil, ya ga inda wani sashe ya rataya a kan wani, ya miƙa gyaransa a duba, a dawo masa da shi da dalili. Kafin ya ankara ya san lungunan gidan.

Masu kukan cewa koyarwa tana cin lokacin ƙwararru suna da gaskiya. Fred Brooks ya bayyana haka tun 1975. Sai dai rashin koyarwar ya fi tsada. A 2024 aka gano ɓoyayyar ƙofar kutse a cikin XZ Utils, ƙaramar manhajar matse fayil da tsarin Linux da dama ke amfani da ita. Shekaru da yawa kusan mutum ɗaya ke ɗauke da nauyinta, gajiya ta cim masa, ba wani magaji da ya raina a kusa. Wanda ya zo da tayin taimako, ya yi ta haƙuri har aka amince masa, shi ne ya dasa ƙofar.