Ranar Komawa Tuwo

Masu rage teɓa sun shigo da wata al'ada: kwana shida ba tuwo ba shinkafa, rana ta bakwai a ci a ƙoshi, wai don jiki ya farfaɗo. Ga lafiyayyen ɗan wasa akwai hujja, domin hanta da tsoka suna ajiye suga kusan giram 500, kuma motsa jiki mai tsanani na ƙarar da shi. Amma wanda jikinsa ya daina jin insulin, lissafinsa daban ne, kuma abin na damuna. Misali, yayata ta zauna da malmala uku ta tuwon shinkafa da lemon kwalba, bayan awa biyu na'urar gwajin suga ta haura 180, iyakar da likitoci ba sa son mai ciwon suga ya wuce. A ganina malmala ɗaya ta isa, a fara da kwaɗon zogale da wake, a ci a ranar da aka motsa jiki, sannan a taka ƙafa na minti 15, domin tsokar da ke aiki tana janye suga daga jini. Mai shan magani kuwa ya fara tuntuɓar likitansa.