Masu juya mana tsofaffin kaset zuwa MP4, ku dakata

Jama'a, akwai ɓarnar da ake yi mana da sunan gyara, kuma da kuɗinmu. Mutum zai ɗauki kaset ɗin hawan sallah na Kazaure, ko saukar karatu a Roni, ko bikin iyayensa a Babura, ya kai shago a juya masa zuwa MP4. A turo masa ta WhatsApp, ya yi ta murna, ya bar kaset ɗin ƙura da zafi su cinye. Haba!

MP4 ɗin da ake ba ku, zubar da wani sashe na hoton yake yi don fayil ya yi sauƙi. WhatsApp ya ƙara matse shi, Facebook ya ƙara. Abin da aka zubar kuwa ya tafi ke nan. Shi ya sa za ka ga mahayi dishi-dishi, ka rasa hakimi ne ko yaronsa.

Kuma wai sai a ce maka babu wata hanya. Akwai! Sunan tsarin FFV1. Michael Niedermayer ne ya ƙirƙiro shi a 2003 cikin manhajar FFmpeg. Yana rage girman fayil, amma ko ɗigo ɗaya ba ya yarwa. Kyauta ne, ba mallakar wani kamfani ba ne, kuma tun 2021 aka wallafa ƙa'idojinsa a fili, ta yadda ko bayan ranmu ɗalibin kwamfuta zai iya rubuta abin buɗe shi. VLC ɗin da ke kwamfutarka yana buɗe shi yanzu haka. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ma ya amince da shi wajen adana bidiyo.

Na san abin da masu shago za su ce: nauyi. Gaskiyarsu. Awa ɗaya na iya cin gigabait 30 ko fiye, kuma yawancin wayoyi da talabijin ba sa karanta shi. To sai me? A yi kwafi biyu mana. Cikakken a FFV1 a ajiye, MP4 a raba wa dangi su kalla. Wane manomin Gwiwa ne zai daka irin shukarsa ya yi tuwo don kawai rumbu ya yi masa tsada?

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne lokaci. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset, ya daina tun 2016. Turmin Danya na 1990 a kaset ya fito. Shagulgulan ƙirƙiro Jigawa a 1991 a kaset aka ɗauka. Ranar da na'urorin da suka rage suka mutu, duk wanda aka juya wa a MP4 da shi zai zauna.

Ɗalibanmu na Hussaini Adamu Poly da na Informatics, ga aikin kammala karatu a ƙofar gidanku: na'ura ɗaya mai aiki, kwamfuta ɗaya, sai ku bi gidaje ku tambayi kaset. Malamai, me zai hana?