Mai Tafiya Cin Rani, Wa Ka Bar wa Karenka?

Kaka ta wuce, an ɗaure damma, an zuba a rumbu. Yanzu samari da magidanta na Cake da sauran ƙauyukan Mayahi da Tasawa suna shirin tafiya cin rani. Wasu za su nufi Maraɗi, wasu Katsina da Kano, wasu kuma har Agadas da Libiya. Mai tafiya ba ya tashi sai ya kintsa gidansa. Yakan auna wa iyali hatsi. Yakan damƙa jaki ga ƙanensa. Awaki kuwa, in babu mai lura da su, sai a ba da su kiwo, a yi magana a gaban shaidu. Dabba ɗaya ce ake mantawa da ita, wato kare.

A ganinmu wannan mantuwa tana jawo wa gari hasara, wani lokaci har ta rai. Karen da ya yi maka gadin gona da garke duk damina amana ne. Ya kamata a ba da shi ajiya ga mutum sananne, kamar yadda ake ba da akuya.

Mu duba abin da ke faruwa in ba a yi haka ba. Sau da yawa karen na saurayi ne mai farauta, shi kaɗai ke ba shi abinci. Ya tafi. Uwargida tana auna hatsi da tiya, tana lissafin watannin da suka rage kafin ruwa ya sauka. Kare ba ya cikin lissafinta, kuma ba laifinta ba ne. Kwana biyu kare yana kwance a ƙofar gida, sai yunwa ta tashe shi. Ya bi juji, ya bi mahauta ran kasuwa, ya bi mushe a bayan gari. Can zai gamu da waɗansu irinsa, su riƙa yawo tare. Daga nan sai kaji da ƴan awaki. Jar akuyar nan da ƙasar Maraɗi da Tasawa ta yi suna da ita, galibi dukiyar mata ce. Da ita suke sayen magani, da ita suke haɗa kayan ɗakin ƴaƴansu. In aka kai ƙara wurin mai gari, sai a ce karen wane ne, wane kuwa yana Kano. Magana ta mutu, gaba ta rage tsakanin maƙwabta.

Wannan hasarar dukiya ce. Wadda ta fi ta ita ce ciwon haukan kare.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Tana shiga jiki ta wurin cizo, ko yakushi, ko in dabbar ta lashi rauni. Daga nan ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan yi wata 2 zuwa 3 ba a ga komai ba, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Shi ya sa mutane kan manta da cizon. In alamu suka bayyana, mutum ya fara firgita da tsoron shan ruwa, to babu sauran magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Cikin mutum 100 da suka kamu, wajen 99 daga kare suka samo ta. Cikin 10 kuma, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Yara ne ke wasa da kare, su ke jifansa, kuma su ne ke ɓoye cizo don tsoron duka. Jaki da saniya da akuya su ma suna kamuwa in an cije su, su ma mutuwa suke yi.

Karen da ke yawo yana faɗa da baƙin karnuka shi ne ke ɗauko cutar ya kawo cikin gari. In ya ciji yaro, tambaya ta farko a likita ita ce: karen wa? An yi masa allura? Yana ina yanzu? In mai shi yana cin rani, kuma bai bar shi hannun kowa ba, babu mai amsawa.

A ƙasashe irin su Faransa akwai gidajen ajiyar karnuka. Mai tafiya yakan kai karensa, ya biya kuɗin kowane kwana, ya nuna takardar allura kafin a karɓa. Ba mu ce a gina irin wannan gida a Cake ba. Ba mu da kuɗinsa, ba mu kuma bukatarsa, domin muna da dangi da maƙwabta. Abin ɗauka a wurinsu guda ne: kare ba ya kwana ba tare da an san mai alhakinsa ba.

Za a ce: mutane ma ba su ƙoshi ba, sai kare? Maganar tana da nauyi, musamman a shekarar da damina ba ta yi kyau ba. Amma karen ƙauye ba nama yake nema ba. Dusa ce da aka dama, da ƙanzo, da ragowar tuwo, da kaskon ruwa a inuwa. Mai tafiya ya ware ƴan tiyoyi ya ce wannan na kare ne. Bai kai kuɗin ɗan akuya guda da za a ce ya biya ba, balle kuɗin mota da na allurai in aka ciji ɗan maƙwabci. Wanda kuma ya san ba zai iya ba, to kada ya bari yara su ɗauko kwikwiyo da damina. Ƙin ɗauka ya fi a ɗauka a yar.

Wasu kuma za su ce ai kare ne, me ya haɗa shi da amana? Su tambayi malamansu. Musulunci ya yarda da ajiye kare don gadin dabbobi da gona da farauta, ya kuma hana a bar dabba ta mutu da yunwa ko ƙishirwa. Labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare ruwa sananne ne a wurin wa'azi.

To, wa za a ba? Wanda ya fi dacewa shi ne ɗan'uwa na cikin gida ko maƙwabci na kusa, domin kare da aka kai nesa yakan gudo ya komo tsohon gidansa. Dattijo mafarauci da ba ya tafiya cin rani shi ma ya san hannun kare. A fara tun saura mako guda: mai karɓa ya riƙa ba shi abinci da hannunsa har su saba. Kada a ɗaure shi dare da rana a cikin zafin bazara. Karen da aka yi wa haka yakan zama mai cizo. A ɗaure shi a inuwa ran kasuwa, da lokacin da aka ji labarin mahaukacin kare a kusa.

Kafin tafiya a nemi malamin dabbobi a tambaye shi allurar haukan kare. Allurar shanu da awaki da ake zagawa ana yi kowace shekara daban take da wannan. Ana yi wa kwikwiyo tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda malamin ya faɗa. Ga shaida daga maƙwabta: a Injamena, babban birnin Cadi, an yi wa fiye da kashi 70 cikin 100 na karnuka allura a 2012 da 2013. Cutar ta lafa ƙwarai a birnin, sai daga baya karnukan waje suka sake shigo da ita. Wato aikin ba na gida ɗaya ba ne, ba kuma na shekara ɗaya ba.

Mai riƙon kare ya san alamu. Kare mai haushi ya yi shiru, ko mai sanyi ya fara kai cizo. Yana cizon itace da dutse, yawu na zuba, muryarsa ta sake. Wani kuma ba ya faɗa, sai baki ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa don ciro ƙashi.

In an yi cizo, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa har minti 15. Kada a ƙona gashin karen a shafa, kada a cusa toka ko barkono. A tafi likita ran nan, ko da raunin ƙarami ne. In babu allurar a nan, malamin likita zai faɗi inda za a same ta. Allurai ne a ranaku daban-daban, sai a cika su. Karen kuwa, in ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi kwana 10 ana dubawa, a sanar da malamin dabbobi. Amma kada a jira kwanakin nan kafin a kai yaro likita.

Ku ɗaliban yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi wa gari aiki. A kowane aji a samu littafi guda. A rubuta sunan mai kare, da sunan wanda aka bar wa, da launin karen, da ranar da aka yi masa allura. A karanta a gaban mai gari kafin motocin cin rani su tashi, a bar littafin a hannunsa.