Bizar masu zuba jari: yi lissafi kafin ka sayar da gonar gado

A TikTok da Facebook, dillalan biza suna ta kwaɗaita wa matasa cewa a nemi bizar masu zuba jari a ƙasashe biyu ko uku lokaci guda, wai in wata ta ƙi, wata ta karɓa. Ɗalibi a FUDMA ko matashi a Kurfi zai ɗauka dabara ce. To, mu yi lissafi.

Bizar EB-5 ta Amurka tana buƙatar aƙalla dala 800,000, wato sama da naira biliyan ɗaya, gami da samar wa mutum 10 aiki. Kowace ƙasa da nata kuɗin, kuma dole ka nuna inda ka samo su. In wata ta hana ka, ta gaba kan tambaya, ɓoyewa kuma na iya sa a rufe maka ƙofa.

Ƙasashen ma janyewa suke yi: Birtaniya ta soke tata a Fabrairun 2022, Sifaniya ta bi sahu a Afrilun 2025.

Saboda haka duk wanda ya ce ka sayar da gonar gado ko shanun gida, ka kawo 'yan miliyoyi ya haɗa maka wannan biza, ɗan damfara ne kawai. Gara ka zuba kuɗin a noman rani a bakin madatsar Zobe.