Ƙasar Noma Tana da Rai

A duk shekara, da zarar bazara ta kama, akan ga hayaƙi yana tashi daga gonaki a ƙasar Hausa. Manomi ya tara sauran kara da karmami da ganyaye ya cinna musu wuta, domin a ganinsa gona mai kyau ita ce wadda aka share fes. Ya kamata a sake nazarin wannan al'ada, saboda abin da ake ƙonawa abinci ne ga wasu ma'aikata waɗanda ido ba ya gani.

Masana kimiyya sun tabbatar da cewa cikin cokali ɗaya na ƙasa mai kyau akwai miliyoyin ƙananan halittu. Daga cikinsu akwai bakteriya da dangin funfuna, waɗanda suke ruɓar da kara da kashin dabbobi su mai da su taki. Wasu bakteriyar suna zama cikin 'yan ƙulli-ƙullin da ake gani a saiwar wake da gyaɗa, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska. Wasu dangin funfunar kuwa sukan miƙa siraran zaruruwa daga saiwar dawa da gero, su kai mata ruwa da sinadarin fosfaras daga inda ita ba ta iya kaiwa. Wuta tana cinye abincin waɗannan halittu, yawan kaftu da garma yana tsinka zaruruwansu, rana kuma tana gasa ƙasar da aka bari tsirara. Don haka idan gona ta gaji, ruwa ba ya tsami banza.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gina noman alkinta ƙasa a kan ginshiƙai 3: rage motsa ƙasa, rufe ta da sauran amfanin gona, da sauya iri ko cakuɗa shi. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan. Tun kaka da kakanni yake haɗa gero da wake, yake kuma kyale gawo a gona, itacen da yake kaɗe ganyensa da damina ya zama taki. A yankin Maraɗi, tun daga 1983 manoma suka riƙa raya tohon kututture maimakon sare shi, kuma dabarar ta farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Gaskiya ne kara yana da masu nema. Da shi ake darni da girki, karmami da harawa kuma su ne abincin dabbobi da rani. Ba a cewa talaka ya bar su duka a gona. Abin da ake nema shi ne ya bar wani kaso, ya daina ƙona saura, ya kuma mayar da takin dabbobin inda abincinsu ya fito. Takin zamani yana ciyar da shuka a shekararta, amma ba ya maye gurbin ruɓaɓɓen kara wajen riƙe laima.

A nan ne malamin makaranta yake da rawar takawa, domin yawancin ɗalibansa 'ya'yan manoma ne. Ya raba gonar makaranta gida biyu, a share ɗaya a rufe ɗaya da kara. Bayan ruwa ya ɗauke kwana biyu, yara su tona da hannunsu su ga wadda ta fi laima da tana. Yaron da ya ga haka da idonsa zai yi tunani kafin ya ƙyasta ashana a gonar mahaifinsa.