Ku Daina Rantsuwa Da Sunan Jama'a In Kuna Tsoron Akwati

'Yan uwana matasa, yau da masu rantsuwa da "ra'ayin jama'a" nake. Kowane ɗan siyasa cewa yake jama'a na tare da shi, amma ka ce masa a kawo akwati a ƙirga, sai ka ga ido ya raina fata. Abubuwa biyu da suka faru a Amurka cikin wata guda, Yunin 2022, sun isa su tona asirin irin waɗannan mutane.

Ranar 15 ga wata kamfanin Microsoft ya yi wa burauzarsa Internet Explorer ritaya, wato manhajar nan ta buɗe shafukan intanet. Bayan kwana tara, ranar 24, Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin Roe da Wade, wanda tun 1973 ya mayar da zubar da ciki 'yanci a tsarin mulkinsu. Za ka ce me ya haɗa kifi da kaska? Ku biyo ni.

A tsakiyar shekarun 1990 Netscape ce sarauniyar burauza. Sai Microsoft ya ɗinke tasa a jikin Windows. Ka sayi kwamfuta, ka kunna, ga ta nan tana jiranka, ba wanda ya tambaye ka. A farkon shekarun 2000 sama da mutum 90 cikin 100 da ita suke shiga intanet. Da a ce Microsoft ɗan takara ne, da ya kira 'yan jarida ya ce jama'a sun yi magana. To yaushe suka yi? Gwamnatin Amurka da kanta ta maka kamfanin a kotu a 1998 kan wannan babakere. Kuma da ya ga ba abokin karawa, sai ya miƙe ƙafa: daga fitowar Internet Explorer ta 6 a 2001 sai da aka shekara biyar kafin a ga ta 7. Wanda ya san ba za a iya tsige shi ba, me zai sa ya yi maka aiki?

Firefox ta fito a 2004, Chrome a 2008, mutane suka fara guduwa da ƙafarsu. Tarayyar Turai ta matsa wa Microsoft lamba, a 2010 ya fara nuna wa masu Windows allon zaɓi mai burauza 12, kowa ya danna wadda ransa ke so. Kamar takardar ƙuri'a dai. Daga baya allon ya yi ɓatan dabo fiye da shekara guda, kamfanin ya ce matsalar na'ura ce, aka ci shi tarar Yuro miliyan 561 a 2013. Mu da muka saba jin na'ura ta samu matsala ranar zaɓe, wannan uzuri ba baƙonmu ba ne.

Kada kuma ku ɗauka wanda ya kayar da sarki waliyyi ne. Yau Chrome ce ke zuwa a cikin kusan kowace wayar Android. A gaban kotu an bayyana cewa a 2021 kaɗai Google ya biya sama da dala biliyan 26 don injin bincikensa ya zama shi ne mutum zai tarar an saka masa, kuma a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa kamfanin ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba. In da gaske kowa na son ka, me ya kai ka biyan wannan uban kuɗi? Sai ka gwada da Opera Mini da da yawanmu muka nemo da kanmu muka sauke saboda tana tattala data. Wannan shi ake kira zaɓi.

To mu koma kan zubar da ciki. Matsayina ba ɓoyayye ba ne: ban goyi bayan a zubar da ciki don ganin dama ba, tarbiyyata da addinina ba su ba ni haka ba. Dokar da ke aiki a nan Arewa ma ba ta yarda ba sai don ceton ran uwa. Amma ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Abin da na zo nunawa shi ne yadda ɓangarori biyu a Amurka suka yi wasa da sunan talaka, kowa a lokacinsa.

A 1973 alƙalai bakwai cikin tara suka yanke wa ƙasa guda hukunci, ba a kai maganar gaban masu zaɓe ba. Masu goyon bayan zubar da ciki suka jingina da kotu shekara 49. Masu adawa kuwa suka yi ta kukan an ƙwace wa jama'a bakinsu, kuma a wannan gaɓar suna da hujja. Suka yi haƙuri, suka yi ta aiki, har Donald Trump ya naɗa alƙalai uku, aka kifar da hukuncin da ƙuri'a biyar cikin tara. Alƙali Samuel Alito da ya rubuta sabon hukuncin ya ce lokaci ya yi da za a mayar da maganar ga wakilan jama'a. Madalla.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar 2 ga Agusta 2022 jihar Kansas ta kai maganar akwati. Kansas fa, jihar da rabonta da zaɓen ɗan Democrat a shugabancin ƙasa tun 1964. Kusan kashi 59 cikin 100 suka ƙi yarda a cire kariyar zubar da ciki daga tsarin mulkin jihar. A Nuwamba Kentucky ma ta yi haka.

Nan aka ga rawar 'yan siyasa ta canza. A Ohio, da 'yan majalisar Republican suka hango za a kai maganar akwati a Nuwamban 2023, sai suka shirya zaɓe na musamman a Agusta don a ɗaga ma'auni, ya zama gyaran tsarin mulki ba zai wuce ba sai da kashi 60. Wato ana tsakiyar wasa ka matsar da raga. Mutanen Ohio suka yi fatali da shi da kashi 57, a Nuwamba kuma suka amince da 'yancin da kusan wannan adadi. Waɗanda suka shekara 49 suna cewa a bar jama'a su yanke, su ne suka fara neman hanyar ɗaure wa jama'ar hannu.

Kada ɗaya ɓangaren ma ya yi ta murna. A Nuwamban 2024 masu zaɓe a South Dakota sun ƙi amincewa da 'yancin, na Nebraska kuma suka zaɓi a taƙaita shi bayan wata ukun farko. Jama'a ba kayan gadon kowa ba ne. Sai an tambaye su ake sanin bakinsu, kuma bakin Kansas daban, na South Dakota daban.

Na san wani zai taso min a ƙasa: "Malam, rai ba abin kaɗa wa ƙuri'a ba ne." Na ji, kuma ina girmama wannan magana. Amma in nan ka tsaya, to ka faɗe ta ƙarara. Ka ce wannan imanina ne ko da ni kaɗai na rage, sannan ka shiga gari ka shawo kan mutane, gida-gida, shekara da shekaru. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ari rigar jama'a ranar da take maka daidai, ranar da ta matse ka kuma ka ce jama'a ba su san abin da suke yi ba. Wannan munafunci ne, ko daga bakin wa ya fito.

Don haka matasa, duk wanda ya zo muku da "kowa ya amince", ko kamfani ne, ko alƙali, ko mai gidan siyasa da ya fito daga ɗaki da sunan masalaha, ku yi masa tambaya uku. Yaushe aka tambaye mu? Su wa aka jera mana muka zaɓa? In mun canza ra'ayi gobe, akwai ƙofar fita? In ya fara kame-kame, ɗauki-ɗora ne. Internet Explorer ta riƙe sama da kashi 90, amma da mutane suka samu wata ƙofa, ko waiwaye ba su yi ba.

Allah ya ba mu shugabannin da ba sa tsoron ƙirga. Mai ja, fili na nan a ƙasa, ya zo da hujja, ban da zagi.